Saƙo ɗaya, kunnuwa dubu: tarihin maltikas da rikicin sabar mai ƙofofi da yawa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Bari in fara da tambaya. Idan gidan rediyo ya saki labaran ƙarfe bakwai, ko mutum goma ne suka kunna ko miliyan goma, aikin na'urar watsawa ɗaya ne. To amma idan mutum miliyan goma suna kallon ƙwallo kai tsaye a intanet, kowa nasa kwafin ake aika masa daban. Shin babu wanda ya taɓa tunanin a sa intanet ta yi irin aikin rediyo ne? An yi tunanin. An ma gina abin, ya yi aiki, har mawaƙa suka yi wasa a kansa. Sunansa maltikas, wato aika saƙo ɗaya ga rukunin masu so. Yau tarihinsa zan ba ku.

Mutumin da ya fi kowa hannu a ciki shi ne Steve Deering, wanda ya yi karatu a Kanada sannan ya tafi Jami'ar Stanford a Amurka yin digirin digirgir a ƙarƙashin David Cheriton. A 1985 su biyun suka fitar da shawarar farko. A watan Agustan 1989 Deering ya fitar da takardar da ake kira RFC 1112, wadda har yau ita ce tushen abin. Dabarar mai sauƙi ce. Aka ware wasu adireshi, daga 224.0.0.0 zuwa 239.255.255.255, aka ce waɗannan ba na wata kwamfuta ba ne, na rukuni ne. Kamar zangon tashar rediyo. Mai aikawa zai jefa saƙonsa sau ɗaya ga adireshin rukunin, bai ma san su wa ke sauraro ba. Mai so kuma zai gaya wa rautar da ke kusa da shi, wato na'urar da ke raba hanya, cewa ni fa ina cikin rukuni kaza. Yaren da suke wannan maganar da shi shi ne IGMP. Saƙo zai yi ta tafiya shi kaɗai, sai an zo mararraba inda masu sauraro suke ta ɓangare biyu, sannan rauta ta kwafe shi gida biyu.

Matsala ta farko: yaya za a hana saƙo ya riƙa zagaye yana dawowa inda ya fito, yana hayayyafa har ya toshe layi? Maganin ya girmi maltikas ɗin ma. Tun 1978 Yogen Dalal da Robert Metcalfe suka kawo shi. Rauta tana da ƙofofi da yawa. Idan saƙo ya shigo, sai ta tambayi kanta: da ni zan aika wa mai saƙon nan amsa, ta wace ƙofa zan bi? In ta ƙofar da ya shigo ne, ta karɓa ta rarraba. In ta wata ce daban, ta zubar da shi, ba ko sallama. Ku riƙe wannan dokar, za mu dawo kanta.

Matsala ta biyu ita ce rautocin wancan zamanin ba su san maltikas ba, kuma babu mai ikon tilasta wa duniya ta sauya su. Sai masu binciken suka yi wayo. Suka ɗauki kwamfutocin Unix na ɗakunan bincikensu suka sa musu wata manhaja mai suna mrouted. Ita za ta naɗe saƙon rukuni a cikin saƙo na yau da kullum, kamar a sa wasiƙa cikin wani ambulan, ta aika wa 'yar'uwarta a wata jami'a, can a buɗe a rarraba. A watan Maris na 1992, lokacin taron injiniyoyin intanet na IETF a San Diego, aka watsa muryar taron kai tsaye zuwa wurare 20 a nahiyoyi uku. Daga nan aka samu abin da ake kira MBone, ƙashin bayan maltikas, wanda 'yan sa-kai ne suka riƙa haɗa shi ta imel, wannan ya ce ka ba ni layi, wancan ya ce to.

Wannan zamanin yana burge ni, gaskiya. Van Jacobson da abokan aikinsa a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley suka rubuta manhajar murya da allon rubutu na haɗin gwiwa, da wata mai nuna jerin shirye-shiryen da ake watsawa. Ana kallon tafiyar kumbon hukumar NASA a kai. Ranar 24 ga Yunin 1993 wata ƙungiyar mawaƙa ta injiniyoyi, Severe Tire Damage, ta yi wasa daga cibiyar bincike ta Xerox PARC a Kaliforniya, kuma su ake ambata a matsayin mawaƙan farko da suka yi wasa kai tsaye a intanet. A Nuwamban 1994 Rolling Stones, manyan mawaƙan Ingila, suka saki kimanin minti 20 na wasansu na birnin Dalas a kan MBone. Abin dariya, waɗancan injiniyoyin suka riga su hawa, suka yi nasu wasan kafin a fara, don babu mai gadin ƙofa. Duk wannan fa shekara goma sha ɗaya kafin a kafa YouTube a 2005. Kuma layin gaba ɗaya bai fi ɗaukar kilobit 500 a daƙiƙa ba, saboda haka sai an yi ladabi, kowa ya sanar da lokacin shirinsa kada a yi karo.

To me ya kashe shi? Akwai ta fasaha. Tsarin da mrouted take bi, DVMRP, ambaliya yake yi: ya tura wa kowa, sai wanda ba ya so ya ce a datse masa. Tsakanin jami'o'i ɗari wannan ba komai ba ne, amma a duniya baki ɗaya hauka ne. An gyara wannan da tsarin PIM a shekarun 1990, inda sai ka nema ake kawo maka. Duk da haka kowace rauta a hanya dole ta riƙe lissafin kowane rukuni a ƙwaƙwalwarta, ga kuma rashin tsaro, don a tsarin asali kowa yana iya jefa shara cikin rukunin kowa.

Amma ni a ganina kuɗi ne babban dalili. Intanet ta bar hannun jami'o'i ta koma hannun 'yan kasuwa. Ka ɗauka kai ne mai kamfanin layi. Wani ya miƙo maka saƙo ɗaya, ya biya kuɗin ɗaya, ya shiga layinka ya zama dubu hamsin. Wa zai biya sauran? Babu wanda ya kawo amsar da ta gamsar da kowa. Sai kamfanoni irin su Akamai, da aka kafa a 1998, suka zo da wata hanyar: a jibge sabobi kusa da jama'a a ko'ina, kowane mai kallo a ba shi kwafinsa. Ta fi ɓarnar layi, amma ana iya ƙirga ta a rubuta rasit. Ita ta ci kasuwa. Kada dai wani ya ce na ce da maltikas ya yi nasara da kallo ya zama kyauta, a'a, wayarka dai sai ta karɓi bayanan, kuma mai layi ba zai bar kuɗinsa ba.

Maltikas bai mutu ba fa, cikin gida ya koma, inda mai layi ɗaya ne kuma babu rigimar rasit. Kamfanonin da ke raba tashoshin talabijin ta layinsu da shi suke aiki. Kasuwannin hannun jari da shi suke watsa farashi, don kowa ya samu a lokaci guda. Idan wayarka ta gano firinta ko talabijin a Wi-Fi na gida ba tare da ka gaya mata ba, sau da yawa ta adireshin 224.0.0.251 ta yi cigiya. Shi kansa Deering yana cikin waɗanda suka tsara sabon adireshin intanet, IPv6, kuma a can an soke shelar kowa-da-kowa gaba ɗaya, maltikas ya maye gurbinta.

Yanzu mu zo kan masu kula da saba, don na san akwai su cikin masu bin mu. Sabar da ke da katin sadarwa ɗaya ba ta da zaɓi, ƙofarta ɗaya. Amma ka sa mata biyu ko uku, ɗaya na fita intanet, ɗaya na layin bidiyo na cikin gida, sai ka ji ana cewa an haɗa komai daidai amma shiru. Dalilin yana cikin tarihin nan. RFC 1112 ta ce shiga rukuni a kan ƙofa ake yin sa, ƙofa-ƙofa. Idan manhaja ta ce ina son rukuni kaza ba ta faɗi ƙofa ba, Linux zai duba teburin hanyoyinsa ya zaɓa mata, yawanci ƙofar fita intanet. Kai kana jira a ƙofar gaba, baƙo yana ta sallama a ta baya. Ko da ka faɗi ƙofar, ga dokar 1978 tana jira: in an kunna tacewar da ake kira rp_filter, kuma hanyar komawa ga mai saƙon ta wata ƙofa ce, za a zubar da shi shiru.

Wajen aikawa ma haka ne, sai ka zaɓi ƙofa. Sannan kowane saƙon maltikas ana haifarsa da izinin tsallake ɗaya tak, don kada ya fita unguwa bisa kuskure, in kana so ya wuce rauta sai ka ƙara masa. In kuma so kake sabar ta ɗauko daga wannan ƙofa ta miƙa wa waccan, kunna tura saƙo na yau da kullum ba zai isa ba, sai ka ɗora mata manhaja irin su pimd ko smcroute, ko ita tsohuwar mrouted ɗin, wadda har yau ana samunta. Ƙofofin da Linux yake yarda a sa cikin teburin maltikas guda ɗaya 32 ne, adadin da ya gada daga tsarin mrouted na shekarun 1990.

Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan duba. Sai mun haɗu a shiri na gaba.