Yadda kulle bindiga a gida ya zama doka a Amurka

1/ Jama'a, ina ta karatu don wani aikin makaranta kan dokokin makamai, sai na ci karo da shari'ar da aka ɗaure iyaye biyu saboda ɗansu ya yi kisa da bindigar da ba su kulle ba. Na bi tarihin abin baya, ga abin da na samo. Zaren yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri 🧵

2/ Ranar 30 ga Nuwamba 2021, wani yaro ɗan shekara 15 ya buɗe wuta a makarantar sakandaren Oxford da ke jihar Michigan. Ya kashe ɗalibai huɗu, ya jikkata mutum bakwai, har da malama ɗaya. Bindigar kuwa mahaifinsa, James Crumbley, ne ya saye ta kwana huɗu kacal kafin ranar.

3/ Da safiyar ranar ma sai da makarantar ta kira iyayen, saboda an ga yaron ya zana bindiga da mutum kwance cikin jini a takardarsa. Suka zo, suka gani, suka bar shi a makaranta suka koma wajen aiki. Ashe bindigar tana cikin jakarsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

4/ A Amurka kundin tsarin mulki ne ya ba mutum 'yancin mallakar makami, tun gyara na biyu na 1791. Shekaru masu yawa, inda za ka ajiye bindigarka a gida harkarka ce. Ƙarƙashin filo, saman sif, cikin durowa, babu mai tambayarka.

5/ Abin ya fara sauyawa a Florida a 1989. A bazarar shekarar aka yi ta samun yara suna harbin kansu ko 'yan'uwansu bisa kuskure da bindigogin iyaye. Majalisar jihar ta yi doka: ka bar bindiga mai harsashi inda yaro zai kai hannu, laifi ne. Ita ce jiha ta farko da ta yi haka.

6/ Massachusetts ta fi tsanantawa a 1998. Ta ce ko da yaro a gidan ko babu, muddin bindiga ba ta hannunka, to ta kasance a kulle. A 2005 kuma dokar tarayya ta tilasta wa dillalai su haɗa wa duk wanda ya sayi ƙaramar bindiga da kwaɗo ko abin kullewa.

7/ Ku lura da inda gizo ke saƙar: dokar ta 2005 mai sayarwa ta ɗaure, ba ta ce dole mai saye ya yi amfani da kwaɗon ba. Har yau babu dokar tarayya da ta wajabta kulle bindiga a gida, abin ya rage ga kowace jiha.

8/ Masu adawa ma suna da hujjarsu. Suna cewa in ɓarawo ya shigo cikin dare, kafin ka lalubo makulli ai an gama da kai. A 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙoli da rinjayen alƙalai 5 da 4 ta soke dokar birnin Washington da ta ce bindiga a gida ta zauna a kwance ko da kwaɗo a kunamarta.

9/ Sai dai kotun ba ta rufe ƙofa ga duk wata dokar ajiya ba, shi ya sa ta Massachusetts take nan daram. Daga baya kasuwa ta cika da ƙananan akwatunan ƙarfe masu buɗewa da lambobi ko zanen yatsa cikin daƙiƙoƙi, abin da ya rage wa waccan hujjar ƙarfi.

10/ Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne na Ethan Song, ɗan shekara 15 a jihar Connecticut. A Janairun 2018 ya rasu a gidan abokinsa suna wasa da bindigar baban abokin. Akwai kwaɗo a jikin bindigogin, amma makullan da harsasan duk a mazubi ɗaya aka zuba su da bindigogin.

11/ Ba a gurfanar da mai bindigar ba, don dokar jihar a lokacin bindiga mai harsashi a ciki kawai ta ambata. Iyayen Ethan suka dage har aka gyara ta a 2019. Gyaran na 2019 ya ce ko da harsashi ko babu, in da ɗan ƙasa da shekara 18 da zai iya kai hannu, sai an kulle. Ana kiranta Dokar Ethan.

12/ To mu koma gidan Crumbley. Kwaɗo mai igiyar ƙarfe da aka haɗo musu da bindigar, 'yan sanda sun same shi a cikin ledarsa. A gaban kotu, mai gabatar da ƙara Karen McDonald ta ɗaura shi a jikin bindigar cikin kamar daƙiƙa goma.

13/ Akwai ma ƙaramin akwatin ƙarfe a gidan, inda uban ke ajiye wasu bindigogi biyu. Kun san lambar sirrinsa? 000. Wadda ya zo da ita daga kamfani ce, ba a taɓa canza ta ba. Wallahi sai da na sake karanta wajen don in tabbata idona ya gani daidai.

14/ A farkon 2024 aka samu Jennifer Crumbley da mijinta da laifin kisa ta hanyar sakaci, a shari'u daban-daban. A watan Afrilu aka yanke wa kowannensu shekara 10 zuwa 15. Su ne iyaye na farko a Amurka da aka kama da laifin kisa kan harbin da ɗansu ya yi a makaranta. A Fabrairun shekarar ce kuma dokar ajiya ta Michigan ta fara aiki.

15/ Abin da na fahimta: a duka labaran nan ba rashin kuɗi ba ne ya jawo. Kwaɗon kyauta ya zo, akwatin kuma yana nan. An bar makulli kusa da bindiga, an bar lambar kamfani, an ɗauka yaro bai san maɓoya ba. Mu da muka taso a gida mun sani, babu lungun ɗakin baba da ba mu leƙa ba.

16/ Mu ma abin bai yi mana nisa ba. A gidajen mafarauta da 'yan sa-kai akwai bindigogin gargajiya, wani lokaci a jingine bayan ƙyaure. A 2022 har gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin riƙe bindiga. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 kuma ta ɗora alhakin tsare bindiga a wuyan mai lasisin.

17/ Don haka in akwai ta a gidanku bisa ƙa'ida, ku lallaba ku yi wa manya magana cikin ladabi. A cire harsashi ko albarushi, a ajiye daban. A sa ta a akwatin ƙarfe mai kauri, ko na maƙera ne, da kwaɗo mai kyau, a kafe shi yadda ba zai ɗauku ba. Makulli ya zauna a jikin mai ita, in na lambobi ne a canza na kamfani tun ranar farko.

18/ Allah Ya tsare mana ƙannenmu. Wanda ya san yadda ake ajiye ta a garinsu, ya faɗa mana a ƙasa mu ƙaru.