Babban Taron NEPU da Abin da Ya Bar wa Talaka, Daga Kano Zuwa Jazira

Mutum takwas ne suka zauna a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, suka kafa NEPU, wadda Hausawa suka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. Takwas, ranar takwas ga watan takwas, haka dattawan jam'iyyar suke faɗa da alfahari. Cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin. Ba sarakai ba ne, ba kuma attajirai ba. Samari ne masu ƙaramin albashi da ƙaramar sana'a, waɗanda suka gaji da ganin ana karɓar haraji da bulala, ana kwasar mutane aikin tilas, talaka na zubewa ƙasa in hakimi ya gifta. An cika shekara 75 da kafa jam'iyyar a 2025, kuma ina ganin mu Hausawan Jazira da Nilul Azraƙ a Sudan muna da rabo a wannan tarihi, ko da yake dubban mil ne tsakaninmu da Kano.

Kakanninmu da dama abin da ya taso su gabas ke nan. Wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna kusa da Sinnar a garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Wasu hanyar Makka ce ta ajiye su, guzuri ya ƙare, aka kammala madatsar Sinnar a 1925, gonakin auduga suka buɗe, suka shiga tsinkar auduga suna tara na gaba. Waɗanda suka rage a gida su ne suka tsaya suka fuskanci Turawa da En'e ido da ido, kuma makaminsu mafi ƙarfi shi ne babban taron shekara.

A wajen wani taro ma aka yi rabuwar da ta tsayar da NEPU da ƙafafunta. A ƙarshen 1950 Jam'iyyar Mutanen Arewa ta yi babban taronta a Jos. Samarin Kano suka je da buƙatar a mayar da ita jam'iyyar siyasa mai faɗa wa hukuma gaskiya. Manya suka ƙi, aka rabu. Waccan, wato NPC, ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, ta jingina da sarakuna. Wanda ya san tarihin Sudan zai ga kama: a Wad Madani Ahmad Khair ya kawo shawarar da ta haifi Mu'utamar Khirrijin a 1938, ƙungiyar 'yan boko wadda daga cikinta manyan jam'iyyun ƙasar suka tsiro. Bambancin shi ne NEPU ba ta tsaya a hannun 'yan boko ba.

Malam Aminu Kano ba ya cikin takwas ɗin, yana koyarwa a kwalejin horon malamai ta Maru a lokacin. Kafin shekarar ta ƙare ya ajiye aikin gwamnati ya dawo gida. An yi babban taro na farko a Kano a 1951, Abba Maikwaru yana shugaba. A 1952 aka fitar da Sanarwar Sawaba, wadda ta bayyana ƙarara cewa akwai gwagwarmaya tsakanin masu riƙe da En'e da talakawa, kuma talaka ne da kansa zai ƙwato 'yancinsa. A taron 1953 wakilai suka zaɓi Malam Aminu shugaba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ƙasar da ake gadon mulki tun daga sarki har mai unguwa, ga wasu mutane sun taru, sun sauya shugaba da ƙuri'a, ba wanda aka naɗa wa rawani.

Su wa ke zuwa taron? Tela da mahauci, ɗan koli da maƙeri, malamin tsangaya da direban mota, manomin da ya sayar da buhun gyaɗa don kuɗin jirgin ƙasa. Reshe kan yi karo-karo, sisi da kwabo, a tura mutum ɗaya ko biyu. Wakili ya iso da ƙura a rigarsa da takarda a aljihu, sau da yawa da ajami aka rubuta ta, ɗauke da kukan garinsu: an ninka jangali, an ƙwace gonar wane, alƙali ya ɗaure wane saboda ya yi lacca ba izini. Ya miƙe a gaban jama'a ya karanta da Hausarsa, ba tafinta, ba durƙuso. Wani ya goyi baya, wani ya ja, a ɗaga hannu a ƙirga. Mutumin da bai taɓa ɗaga murya a gaban dagaci ba sai ga shi yana tambayar ma'aji inda kuɗin kati suka shiga. Ya koma gida da ƙudurorin taro a ka, ya zazzage su a kasuwa da ƙofar masallaci, kuma ya san mai yiwuwa 'yan doka na jiransa.

Domin kuwa zama ɗan NEPU a wancan zamani sai mai ƙashin arziki da taurin zuciya. Ba a lacca sai da izinin En'e, kuma En'e ita ce abokiyar hamayya. Kotun alƙali tata ce, gidan yari nata ne, 'yan doka nata ne. A Kano ga 'Yan Mahaukata da ake sakar wa 'yan adawa. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar Zariya da ta ja ragamar matan jam'iyyar, ta sha ɗauri da duka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, tana neman wa mata ƙuri'ar da ba su samu a Arewa ba sai a 1976. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya yi wa tafiyar hidima da wasiƙa da waƙa da hujjar malanta, ciwo ya cinye shi ya rasu a 1958 bai ga 'yancin kai ba. Taron shekara shi ne inda waɗanda aka daka a garuruwa daban-daban suke haɗuwa, kowa ya ga ba shi kaɗai ba ne.

Masu ƙirga kujeru kan ce ai NEPU ba ta taɓa cin zaɓe ba. Su duba yadda aka yi zaɓen. A 1951 'yan takararta sun yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano, sai tsarin zaɓe hawa-hawa, wanda ya ba En'e damar cusa nata mutane a sama, ya tace su. Duk da haka, da ƙawancen da ta ƙulla da NCNC ta Azikiwe a 1954, ta samu kujeru 8 a majalisar tarayya a 1959, Malam Aminu ya ci Kano ta Gabas. Shekarun da suka biyo baya sun yi tsanani, kujeru suka ragu, wasu suka gaji suka sauya sheƙa, kuma ba na ganin laifin mai iyali da aka hana shi kasuwa da gona. A 1966 sojoji suka rushe jam'iyyu duka.

Amma an riga an yi shuka. Da aka ɗage takunkumi a 1978, tsofaffin wakilan nan da 'ya'yansu ne suka tashi da PRP mai alamar mabuɗi. A 1979 ta ci Kano da Abubakar Rimi, ta ci Kaduna da Balarabe Musa, kuma gwamnonin biyu suka soke haraji da jangali, abin da aka shekara kusan talatin ana zartarwa a ƙudurin taro ana yi musu dariya. Saɓanin ɓangarorin Santsi da Taɓo ya zo, 'yan gida ɗaya suka bambanta kan dabara. Aka tsige Balarabe a 1981, Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, a gidansa na Gwammaja da yanzu ya zama cibiyar nazari ta Mambayya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. PRP tana nan da rajistarta, ƙarama ce, tana taronta tana tsayar da 'yan takara. A zamanin da manyan jam'iyyu suka mayar da taron fid da gwani kasuwar sayen wakilai, ina roƙon masu riƙe da ita kada su bari nata ya zama haka, domin ita ce ta gaji taron da tela ke tuhumar shugaba.

Mu kuma a nan, shekara ɗari ke nan hannun Bahaushe yana cikin audugar Jazira, amma da yawa har yau a kambo, wato sansanin leburori, suke zaune a gefen magudanar ruwa, ba hawasha, wato gonar haya, ba takardar fili, makaranta da asibiti sai an yi tafiya. Masu hawasha sun yi yajin aiki a 1946, daga baya suka kafa ƙungiyarsu, hukuma ta saurare su. Rikicin Nilul Azraƙ na 2022, a Damazin da Rusairis da Wad al-Mahi, ya ci rayuka masu yawa, Hausawa suka fito zanga-zanga a Kassala da Khartum da wasu biranen, sannan yaƙin 2023 ya zo ya tarwatsa Jazira kanta. Zanga-zanga takan watse da yamma. Abin da muke buƙata idan ƙura ta lafa shi ne zama na shekara-shekara, wanda kowane ƙauye da kowane kambo zai yi karo-karo ya turo wakilinsa, mata a ciki, tare da maƙwabtanmu na sauran ƙabilu da ke fama da irin matsalarmu, a rubuta buƙatu, a zaɓi masu kai su, badi a dawo a tambaye su ina aka kwana.