Rangwame

Rangwame (suna, namiji): ragin da mai kaya yake yi wa mai saye a kan farashin da ya fara faɗa. Ana kuma faɗinsa ga sassauci kowane iri, kamar a ce zazzaɓi ya yi rangwame. Misali: "Hajiya, na yi miki rangwamen dala ashirin", wato sefa 100.

A kasuwa da ciniki ake samunsa. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a sallama. Ya bambanta da gyara, wadda ƙari ce a kan kaya bayan an gama ciniki, kamar ɗan tumatir ko albasa da ake ɗora wa mai cefane.

A Mora, hedikwatar Mayo-Sava a arewacin Kamaru, babbar kasuwa ranar Lahadi take ci, kuma rangwame ya fi samuwa da yamma, lokacin da masu kayan gwari ke gudun komawa gida da abin da zai lalace. Magidanta masu dabara kan sayi dawa da buhu a kaka, ko bayan girbin masakwa wajen Fabrairu, tun kafin tsadar damina. Wannan ya fi kowane tayi riba, in dai akwai wurin ajiya.

A manyan kantunan Turai da Amurka farashi a rubuce yake, ba a tayawa. Can rangwame kan zo ta takardar ragi da ake miƙa wa mai karɓar kuɗi, ko a ranakun karya farashi.