Lotus: Sunan da Magarya da Bado Suka Yi Tarayya a Kai

In ka ce wa ɗan boko "lotus" a yau, abin da zai zo masa a rai shi ne furen nan na Indiya da ke tsaye a saman ruwa, wanda ake zana Buddha zaune a kansa. Amma wannan fure baƙo ne a gidan sunan. Girkawan da suka fara rubuta lotos ba ado suke nufi ba, abinci suke nufi.

Mafi daɗewar inda aka ci karo da kalmar shi ne waƙoƙin Homer. A cikin Odyssey, guguwa ta kora jiragen Odysseus zuwa wata ƙasa da mutanenta ke rayuwa kan 'ya'yan lotos, kuma duk wanda ya ɗanɗana cikin mutanensa sai ya manta da gida, har sai da aka ja su da ƙarfi aka ɗaure a jirgi. Herodotus, marubucin tarihi Bagirke, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce a gaɓar tekun Libiya waɗannan mutane suke, ɗan itacen kuma zaƙinsa kamar na dabino, har giya suke yi da shi. Daga baya wani marubucin Girka, Strabo, ya nuna tsibirin da ake kira Jarba a Tunisiya ta yau. Masana tsirrai da dama sun karkata ga cewa wata ƙaramar bishiya ce mai ƙaya, 'yar gida ɗaya da magarya da kurna. Larabawa na kiran wannan dangi sidir, shi ya sa masu fassara Alƙur'ani zuwa Turanci ke kiran Sidratul Muntaha da sunan da aka tsago daga lotus, malamanmu kuwa suka ce magaryar tuƙewa.

Wani abin burgewa ya faru a 1796. Wani Bature matafiyi, Mungo Park, yana tafe a yankin da ke ƙasar Mali a yau, sai ya ga mutane suna tsintar wasu 'yan ƙananan 'ya'yan itace, su shanya, su daka a turmi su raba gari da ƙwallo, su kwaɓa su yi wata irin waina mai zaƙi. A littafinsa na 1799 ya yanke cewa ai wannan ne lotos na mutanen Libiya. Duk wanda ya tashi a karkara a ƙasar Hausa ya san abin da Baturen ya gani.

Shi dai Herodotus ɗin ya sake amfani da kalmar a kan wani tsiro dabam a Masar. Ya ce in kogin Nilu ya cika ya malale fadamu, sai wani fure ya tsiro a ruwan. Talakawa su cire, su shanya, su daka 'ya'yan da ke tsakiyarsa su gasa gurasa, saiwarsa mai kamar dunƙule kuma su ci. Wannan bado ne, irin wanda ke rufe tafkuna a fadamun Haɗejiya da Nguru, wanda kakanninmu suka jingina da shi a shekarun yunwa. Misirawan da kansu seshen suke ce masa, kuma sun sassaƙa shi a kan ginshiƙan gidajen bautarsu. Homer ma yana da lotos na uku: wata ciyawa da dawakai ke ci.

Daga ina Girkawa suka samo kalmar? An daɗe ana haɗa ta da "lot" ta Ibrananci, sunan wani ƙaro mai ƙamshi, amma masana harshe ba su haɗu a kan haka ba.

Furen Asiya kuwa yana da sunayensa tun fil azal: padma da kamala a Sanskrit, lian a Sinanci, hasu a Japananci. Sunansa na kimiyya, Nelumbo, daga harshen Sinhala na Siri Lanka aka aro. Kamar da ya yi da badon Masar ce ta sa Turawa suka yafa masa sunan Girka, alhali ko dangi ba su haɗa ba. Sai ga masanin tsirrai Linnaeus a 1753 ya ƙara dagula lissafi, ya miƙa sunan Lotus ga wasu ƙananan ganyayen kiwo 'yan dangin wake.

A ganina, asara ce mai fassara ko malamin makaranta ya bar kalmar yadda take, yaro ya ɗauka wani abin al'ajabi ne na ƙasashen nesa. A duba wace ƙasa da wane zamani ake magana. In Libiya ce ta Herodotus, a ce magarya. In Masar ce ta Fir'auna, a ce bado.