Gudunmawar Lissafin Hasashe Wajen Tsara Yaƙi da Cututtukan Jima'i

Ƙyanda iska take bi, amma cututtukan jima'i suna bin mu'amalar da mutane ke ɓoyewa saboda kunya. Wannan ya sa masana suka koma ga lissafi domin hango inda cuta ta dosa.

A shekarun 1980 Robert May da Roy Anderson sun bayyana cewa abubuwa uku ke riƙe da yaɗuwar irin wannan cuta: yiwuwar kamuwa idan an sadu da mai ita, yawan sauya abokan kwanciya, da tsawon lokacin da mai cutar ke iya harbin wani. Idan aka ninka su sakamakon ya haura 1, cuta za ta bazu; in ya gaza haka, za ta mutu da kanta. Kowanne daga abubuwan uku yana da maganinsa: kwaroron roba, faɗakarwa, da gano cuta da wuri.

A littafinsu na 1984 kan ciwon sanyi a Amurka, Herbert Hethcote da James Yorke sun nuna cewa 'yan tsiraru masu yawan sauya abokan kwanciya ne ke raya cutar a cikin al'umma. Saboda haka bin sawun masu yaɗa ta ya fi awon kowa da kowa tasiri.

A 2009 Reuben Granich da abokan aikinsa suka yi lissafi da alƙaluman Afirka ta Kudu, suka ce yi wa kowane baligi gwajin ƙanjamau duk shekara da ɗora wanda aka samu da ƙwayar kan magani nan take zai karya lagon cutar. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ba duk mai ƙwayar cutar magani. Sai dai gwajin da aka yi a Zambiya da Afirka ta Kudu, wanda sakamakonsa ya fito a 2019, ya nuna raguwar ba ta kai yadda aka hango ba, domin samun maza da matasa yana da wuya.

Najeriya ma ta ga yadda hasashe ke saɓa wa zahiri. An daɗe ana dogaro da alƙaluman masu zuwa awon ciki, ana ƙiyasta masu ƙanjamau sun haura miliyan 3. Binciken gida-gida na 2018 ya mayar da adadin kusan miliyan 1.9.

Lissafi ba ya fin alƙaluman da aka ba shi inganci. Duk gwamnatin da ke son ya yi mata jagora, wajibi ne ta fara kashe kuɗi wajen tattara sahihan bayanai tare da rufa wa marasa lafiya asiri.