Yawan Kujeru, Ƙarancin Ƙuri'u: Nazari a Kan Martanin da Ya Biyo Bayan Zaɓen Birtaniya na 2024

Ranar 4 ga Yulin 2024 jam'iyyar Labour ta lashe kujeru 411 daga cikin 650 na Majalisar Wakilan Birtaniya, ta kawo ƙarshen mulkin shekara 14 na jam'iyyar Conservative. Ita kuwa Conservative ta tashi da kujeru 121 kacal, kayen da ba ta taɓa shan irinsa ba a tarihinta. Kafin gari ya waye kowane ɓangare ya riga ya ɗinka wa sakamakon rigar da ta yi masa daidai. Masu nasara suka ce jama'a sun ba su amanar kawo canji, waɗanda suka faɗi suka ce rabuwar kai ce ta kayar da su, masu neman a gyara tsarin zaɓe kuma suka ce an yi wa ƙuri'ar talaka rashin adalci. Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, kowannensu ya riƙi wani yanki na gaskiya ya saki saura, domin zaɓen hukuncin kora ne aka yanke wa gwamnati mai ci, kuma tsarin ƙidayar kujeru ya kumbura hukuncin har ya yi kama da mubaya'a.

Alƙaluma ne za su fara ba da shaida. Labour ta samu kashi 33.7 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa, amma ta kwashe kusan kashi 63 na kujeru. Yawan ƙuri'unta bai wuce miliyan 9.7 ba, ƙasa da miliyan 10.3 da ta samu a 2019 a ƙarƙashin Jeremy Corbyn, zaɓen da ya ba ta kujeru 202 kuma aka ɗauke shi a matsayin mummunan kaye. Wato jam'iyya ta yi asarar masu zaɓe sama da rabin miliyan, kujerunta kuma suka ninka. Waɗanda suka fito zaɓen ba su cika kashi 60 na masu rajista ba, fitowar da ba a ga mai rauni kamarta ba tun 2001. Idan aka auna da dukan masu rajista, mutum ɗaya cikin biyar ne ya dangwala wa Labour. Da Tony Blair ya yi nasa gagarumin rinjayen a 1997, kujeru 418 ya samu da kashi 43 na ƙuri'u, kuma sama da kashi 70 na masu rajista ne suka fito. A zauren majalisa rinjayen biyu sun yi kama da juna. A rumfar zaɓe kuwa tazararsu mai nisa ce.

Dalilin wannan yana cikin tsarin da Birtaniya take bi. An raba ƙasar zuwa mazaɓu 650, kowace tana fitar da wakili ɗaya, kuma wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ne ya ci, ko da ƙuri'a ɗaya ya ɗara na biyu, ko da mafi yawan mutanen mazaɓar ba shi suka zaɓa ba. Masanin siyasa Bafaranshe Maurice Duverger ya bayyana tun a shekarun 1950 cewa irin wannan tsari yakan tura ƙasa zuwa ga manyan jam'iyyu biyu. Haka abin ya kasance a da. A zaɓen 1951 Labour da Conservative sun haɗa kusan kashi 97 na ƙuri'u a tsakaninsu. A 2024 ba su kai kashi 58 ba. Masu zaɓe sun watsu zuwa jam'iyyu biyar ko shida, ma'aunin kuwa yana nan yadda aka ƙera shi domin biyu.

Mazaɓar South West Norfolk ta isa misali. A 2019 Liz Truss ta jam'iyyar Conservative ta ci ta da ratar ƙuri'a sama da 26,000. A 2024, bayan kwana 49 da ta yi a kujerar Firaminista da kuma ɓarnar da ƙaramin kasafin kuɗinta na Satumbar 2022 ya yi wa darajar fam da kuɗin ruwan bashin gidaje, sai ta faɗi da ratar ƙuri'a 630. Ɗan takarar Labour da ya kayar da ita kusan kashi 27 ya samu. Ragowar ƙuri'un sun rarrabu tsakaninta da jam'iyyar Reform UK da wani ɗan takara mai zaman kansa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma abin da ya faru ke nan a mazaɓu masu yawa. A 2019 Nigel Farage ya janye 'yan takararsa daga mazaɓu 317 da ke hannun Conservative. A 2024 ya ƙi janyewa, jam'iyyarsa ta Reform UK ta samu ƙuri'a sama da miliyan 4, ita kuwa Conservative ta sauko daga kusan miliyan 14 zuwa ƙasa da miliyan 7.

Martanin masu nasara ya zo da fuska biyu. A jawabinsa na farko a ƙofar fadar Downing Street, sabon Firaminista Keir Starmer, jagoran Labour, ya yi magana da taka-tsantsan, har ya juya ga waɗanda ba su zaɓe shi ba ya yi musu alkawarin yi musu hidima. Wannan ya nuna ya karanta alƙaluman. Yana ma da dalilin karanta su, domin a mazaɓarsa ta Holborn da St Pancras ƙuri'unsa sun ragu da kusan rabi. Sai dai a aikace gwamnatinsa ta fara tafiya kamar wadda aka damƙa wa wuƙa da nama. Magoya bayanta suna da hujjar da ba za a raina ba: sun ce dokar wasan kujeru ce, sun kuma tsara yaƙin neman zaɓensu a kan haka, suka bar tara ƙuri'u a mazaɓun da dama nasu ne, suka zuba ƙarfi inda takara ta yi zafi. Wannan gaskiya ne, kuma ƙwarewa ce. Amma ƙwarewar cin mazaɓa ba ta amsa tambayar ko jama'a sun amince da abin da za a yi da mulkin. Kuma a Scotland kaɗai ne farin jinin jam'iyyar ya tashi sosai, inda ta tashi daga kujera 1 zuwa 37 a kan rushewar jam'iyyar SNP, wadda ta sauko daga 48 zuwa 9. A Ingila kason ƙuri'unta da ƙyar ya motsa, a Wales ma raguwa ya yi.

Na waɗanda suka faɗi ba ya buƙatar dogon sharhi. Firaminista mai barin gado Rishi Sunak na Conservative ya ba da haƙuri ya ce ya ji fushin jama'a, ya sauka. Wasu jiga-jigan jam'iyyar suka rungumi lissafin cewa da an haɗa ƙuri'unsu da na Reform da sun zarce Labour. Lissafin daidai ne a takarda, tun da kashi 23.7 da 14.3 sun ba da 38. Aibinsa shi ne ya ɗauka mai zaɓen Reform ɗan gida ne da ya yi yaji, alhali da yawansu sun fito ne musamman domin hukunta jam'iyyar. Ya kuma manta da kujerun kudancin Ingila da suka koma hannun Liberal Democrats, wadda ta tashi da 72. A watan Nuwamba jam'iyyar ta zaɓi Kemi Badenoch, wadda ta yi ƙuruciyarta a Legas, ta jagorance ta.

Martanin da ya fi cancantar nazari shi ne na masu neman sauya tsari. Ƙungiyar Electoral Reform Society ta bayyana sakamakon a matsayin mafi rashin daidaito tsakanin ƙuri'u da kujeru a tarihin zaɓukan ƙasar, kuma da wuya a musanta. Reform ta samu kujeru 5 da kashi 14.3, Liberal Democrats ta samu 72 da kashi 12.2. Kowace kujerar Labour ta ci ƙuri'a kusan 24,000, kowace ta Reform ta ci sama da 800,000. Abin dariya ne ganin Farage da 'yan jam'iyyar Green, waɗanda ba su haɗu a kan komai ba, suna kuka da murya ɗaya. Duk da haka ina ganin sun wuce gona da iri inda suke nuna kamar sakamakon bai wakilci nufin kowa ba. Masu zaɓen Birtaniya sun san tsarinsu sarai, kuma sun yi amfani da shi da gangan. A mazaɓar da Liberal Democrats ce take iya kayar da Conservative, magoya bayan Labour sun ba ta aron ƙuri'unsu, a inda Labour ce mai ƙarfi kuma aka rama musu. Saboda haka kashi 33.7 ɗin bai ƙidaya dukan waɗanda suka gwammace Starmer a kan Sunak ba. Nufin da mafi yawan jama'a suka haɗu a kai shi ne gwamnati ta tafi, bayan tsadar rayuwar da ta kai hauhawar farashi kashi 11.1 a Oktobar 2022, da shagulgulan da aka yi a fadar gwamnati lokacin kullen korona, da Firaminista uku a shekara guda. Tsarin ya biya wannan buƙata cikin dare ɗaya, abin da tsarin rabon kujeru gwargwadon ƙuri'u ba koyaushe yake iyawa ba, domin a can jam'iyyar da aka ƙi tana iya dawowa ta ƙofar gwamnatin haɗaka. A tuna kuma cewa a ƙuri'ar raba-gardama ta 2011 kusan kashi 68 na masu zaɓe sun ƙi sauya tsarin, ko da yake abin da aka gabatar musu a lokacin wani ɗan gyara ne kawai.

Akwai wani saƙo da hayaniyar nasara ta kusa binnewa. A mazaɓun da Musulmi suke da yawa, matsayin Starmer a kan yaƙin Gaza ya jawo wa jam'iyyarsa asara a daren da take cin ko'ina. 'Yan takara masu zaman kansu sun ƙwace Blackburn, da Leicester ta Kudu, da Birmingham Perry Barr, da Dewsbury da Batley. A Leicester ta Kudu wanda aka kayar shi ne Jonathan Ashworth, ɗaya daga cikin manyan masu magana da yawun jam'iyyar. Wes Streeting, wanda ya zama Ministan Lafiya washegari, da ratar ƙuri'a 528 ya sha. Corbyn, da aka hana tsayawa a inuwar jam'iyyar, ya riƙe kujerarsa ta Islington ta Arewa da ƙafafunsa. Idan aka haɗa wannan da cewa Reform ta zo ta biyu a mazaɓu 98, mafi yawansu na Labour, za a ga jam'iyyar da ake ci mata iyaka daga dama da hagu tun ranar da ta hau.

Mai karatu a Nijeriya ba baƙo ba ne ga wannan tsari, domin da shi ake zaɓen 'yan Majalisar Wakilai 360 da sanatoci 109, gadon da Turawan mulkin mallaka suka bari. Mun kuma san ƙuri'ar huce haushi: guguwar 2015 ta kai mutane da yawa majalisa a Arewa albarkacin kiran "sak", ba tare da an tsaya tantance cancantarsu ba. Inda aka bambanta shi ne ma'anar rinjayen. A Nijeriya gyaran tsarin mulki yana buƙatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. A Hungary irin wannan rinjaye ne ya bai wa Viktor Orban damar rubuta sabon tsarin mulki bayan zaɓen 2010. Birtaniya ba ta da wannan mataki. A doka, rinjayen kujera ɗaya da na 174 da Labour ta samu iko ɗaya suke bayarwa. Don haka gargaɗin da Grant Shapps na jam'iyyar Conservative ya yi ana gab da zaɓe, cewa kada a bai wa Labour rinjayen da ya wuce kima, ya fi kama da kukan wanda ya hango faɗuwa. Tsoron mulkin kama-karya ta hanyar zaɓe, wanda Lord Hailsham ya yi magana a kai a 1976, yana tattare da kowace gwamnati mai rinjaye a can, babba ko ƙarami.

Haɗarin babban rinjaye yana cikin gida ne. Francis Pym ya faɗa lokacin yaƙin zaɓen 1983 cewa irin wannan nasara ba ta cika haifar da gwamnati mai kyau ba, Margaret Thatcher ta sallame shi daga muƙamin Ministan Harkokin Waje da zarar ta ci. Hujjarsa tana da tushe. Muƙaman gwamnati ba sa isar mutum 400, kuma ɗan majalisar da ya ci da 'yar ƙaramar rata ya fi tsoron mutanen mazaɓarsa a kan bulaliyar jam'iyya. Ba a cika wata guda ba Starmer ya dakatar da 'yan majalisarsa bakwai saboda sun goyi bayan soke dokar da ta taƙaita tallafin yara ga 'ya'ya biyu. A ƙarshen Yulin nan kuma Ministar Kuɗi Rachel Reeves ta yanke tallafin ɗumama gida na hunturu ga miliyoyin 'yan fansho, matakin da babu shi a kundin alkawuran zaɓe, wanda kuma gwamnati ta janye mafi yawansa a Yunin 2025. Gwamnatin da ta tuna cewa mutum ɗaya cikin biyar ne ya zaɓe ta da ta fara neman yardar jama'a kafin ta taɓa aljihun tsofaffi. A ƙarshen Yunin 2025 sama da 'yan majalisar Labour 120 suka yi barazanar kayar da ƙudurin rage tallafin naƙasassu, dole gwamnati ta cire mafi yawan abin da ke cikinsa, duk da haka 49 suka ƙi shi.

Masu zaɓe ma ba su jira babban zaɓen 2029 ba. Mazaɓar Runcorn da Helsby, wadda Labour ta ci a Yulin 2024 da ratar ƙuri'a 14,696, ta koma hannun Reform a zaɓen cike gurbi na 1 ga Mayun 2025 da ratar ƙuri'a shida.