Fentin Da Ake Dafawa Da Fata, Da Tawadar Malaman Gobir

Yau a ɗan ajiye maganar saitin waya, mu leƙa wata tsohuwar fasaha.

Kowane fenti abu biyu ne: garin launi, da abin da zai manne shi. Tun zamanin Fir'aunonin Masar ake dafa guntayen fata da ƙashi har furotin ɗin ciki ya narke ya zama gam, sannan a kwaɓa launi da shi. Da ɗuminsa ake shafawa, don da ya huce sai ya daskare kamar romon ƙafar saniya da ya kwana. Yana bushewa da wuri, ba ya ƙyalli, ga araha. Amma fa ruwa ne ajalinsa, ɗan laima kaɗan sai ya saki. Shi ya sa zanukan da Turawa suka yi da shi a kan yadi kaɗan suka tsira. Ɗaya na Dieric Bouts ne, na wajen 1450, yana National Gallery ta Landan, launinsa duk ya dushe.

To mu fa? Ga fatar jar akuya, ga majema, amma malamanmu itace suka nufa: ƙaro. A Alƙalawa, birnin da Sarkin Gobir Babari ya kafa a ƙarni na 18, inda Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, haka al'adar rubutu take kamar sauran ƙasar Hausa. Tawadar allo gawayi ne da ƙaro, da gangan aka yi ta mai wankuwa, almajiri ya biya ya wanke. Ta takarda kuwa akan haɗa ta da bagaruwa da ƙarfe, ita tana kama takarda sosai. Bagaruwar nan dai ita ake jeme fata da ita, kun ga sana'o'in biyu suna cin itace ɗaya.

Alƙalawa ta faɗi a 1808 zamanin Yunfa, yanzu kufai ce a yankin Sabon Birni. Takardu kuwa ba su ƙare a gidajen malamai ba, kuma ni a ganina damina da gara sun fi komai yi musu ɓarna, balle yanzu da rashin tsaro ke tayar da mutanen Isa da Sabon Birni daga gidajensu.

Mai irinsu a gida, kada ya goge da jiƙaƙƙen tsumma, kada ya liƙa salatif. A shimfiɗa a inuwa mai haske, a kashe filasha, a ɗauki hoton kowane shafi bi da bi, a tura Google Drive.